Kundin horar da sababbin matuƙa a wasan EVE Online, Damagaram

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Mun buɗe wannan kundi domin aikin koya wa ƙannenmu shida wasan EVE Online, daga ranar buɗe asusu har su iya riƙe kansu. Wurin zama ɗaki ne a unguwar Sabon Gari, kusa da inda fadarmu ke shan shayi, da kwamfuta huɗu, biyu na tebur biyu na hannu. Abin da aka yi, abin da ya lalace da kuɗin da aka kashe duk za su shiga nan, saboda rukunin da zai biyo baya.

Ga wanda bai san wasan ba, kamfanin CCP na ƙasar Aisilan ne ya fitar da shi a 2003. Ƴan wasa daga ƙasashe daban-daban suna haɗuwa a kan babbar na'ura guda mai suna Tranquility, cikin sararin da ke da taurari fiye da 7,000. Kowane tauraro da duniyoyinsa muna kiransa gari, ana kuma tsallakawa daga gari zuwa gari ta ƙofa. Kuɗin wasan sunansa ISK. Abin da ya kamata sabon shiga ya riƙe tun yau shi ne, jirgin sararin samaniya da ɗan wasa ke tuƙawa, in aka fasa shi, ya tafi ke nan, da kayan da ke kansa. Ba a dawo da shi, sai dai a sayi wani. Kada kuma a haɗa shi da EVE Echoes na wayar hannu, wanda ya fito a 2020. Wancan duniyarsa daban, asusunsa daban.

Yau aikin saukar da wasa aka yi. A kwamfuta ɗaya kawai muka sauke shi, cikin dare lokacin da rezo ya fi sauri, muka zaɓi a sauke komai a lokaci guda. Da safe muka kwafi jakar SharedCache a faifan ajiya muka zuba wa sauran ukun, muka nuna wa manhajar buɗe wasa inda jakar take. Da kowace kwamfuta ta sauke nata, da forfe huɗu za a ƙona. Wasan kansa ba ya cin data sosai, saukarwa da sabuntawa ne ke cinye ta. Ɗaya daga cikin na hannun tana da Windows tsohuwa mai 32, sai da aka sake mata Windows 10 mai 64 kafin wasan ya tashi.

Kuɗi: forfe na wata jika 10, ƙarin ƙwaƙwalwa mai giga 4 ga kwamfuta ɗaya jika 6.

Lahadi, 5 ga Janairu

Kowa ya buɗe asusunsa da imel ɗinsa, domin dokar wasan ta hana mutum biyu raba asusu guda. An buɗe su ta hanyar gayyata, wadda ke ba sabon asusu maki 1,000,000 na karatu. Mun hana a taɓa makin nan sai bayan mako biyu, lokacin da mutum ya san abin da yake so ya tuƙa.

Dauloli huɗu ne: Amarr, Caldari, Gallente da Minmatar. Duk shidan Gallente muka sa su ɗauka, ba don ta fi sauran ba, sai don su tashi a yanki guda kusa da kasuwar Dodixie. Zaɓin daula ba ya ɗaure mutum, daga baya yana iya koyon jirgin kowace.

An sa wasan a Faransanci domin shi yaran suka fi karantawa, amma an kunna zaɓin da ke barin muhimman sunaye a Turancin Ingilishi. In ba haka ba, sunan kaya a allonka ba zai zo daidai da wanda ake faɗa a zauren taimako ba.

Duka asusun na kyauta ne, wato Alpha. Alpha yana karatu da rabin saurin Omega mai biya, karatun kyautarsa yana tsayawa a maki miliyan 5, ba ya ɗaura na'urar ɓuya, ba ya tuƙa manyan jiragen haƙa. Ga wata biyun da muka tsara, wannan ya isa.

Laraba, 8 ga Janairu

Layin karatu. Ƙwarewa a wasan nan da agogo take tafiya, ko kana ciki ko kana barci, don haka barin layin babu komai asara ce tsantsa. Dabarar ita ce a jera gajerun darussa a gaba, a sa dogo guda a ƙarshe, ta yadda ko wuta ta yi kwana biyu ba ta zo ba karatu bai tsaya ba.

Kowane darasi mataki biyar ne. A mafi sauƙinsu, mataki na 1 maki 250 ne, na 2 maki 1,415, na 3 maki 8,000, na 4 maki 45,255, na 5 maki 256,000. Duk wanda ya kalli lambobin nan zai gane cewa gara darussa goma a mataki na 3 da darasi ɗaya a mataki na 5. Mun fara da waɗanda ke amfanar kowane jirgi: CPU Management, Power Grid Management, Capacitor Management, Mechanics, Hull Upgrades, Navigation, sai Drones.

Asabar, 11 ga Janairu

An gama koyarwar farko, kowa ya koma garin Clellinon wurin wakilan sana'a biyar. Shawararmu ita ce a yi ayyukansu duka, har wanda mutum yake ganin ba ya so. Su ne ke ba da jiragen farko kyauta: Venture na haƙa, jirgin lalube, jirgin dako, da Catalyst na yaƙi. A ayyukan wakilin yaƙi na gaba akwai waɗanda dole jirgin da aka ba ka ya fashe. A karanta bayanin aiki kafin a fita, a cire duk kaya masu daraja, a yi wa jirgin inshora mafi girma.

Inshora gangar jirgi kawai take biya, ban da kayan da aka ɗaura. Ta mako 12 ce, kuma ba ta biyan wanda ƴan sandan CONCORD suka fasa.

Wasan yana rufewa kullum da ƙarfe 11:00 agogon GMT, wato 12:00 na rana a nan, na ƴan mintuna. A shiga tasha kafin lokacin.

Talata, 14 ga Janairu

Asarar farko, kuma ita ce za ta tsara sauran horon. Da misalin ƙarfe tara na dare wuta ta ɗauke, kwamfutocin tebur biyu da akwatin rezo suka mutu a lokaci guda. Mutum uku suna cikin aiki a fili. Biyu sun tsira, ɗaya ya rasa jirginsa Incursus da duk kayansa.

Ga abin da ke faruwa idan layi ya yanke. Da zarar babbar na'ura ta gane ka fita, jirginka yana ƙoƙarin zabura, wato tsallake nisa mai yawa cikin ɗan lokaci, da kansa zuwa wani wuri mai nisan kilomita miliyan 1. In ba ka yi faɗa da kowa ba, bayan minti 1 sai ya ɓace daga sarari. In kana faɗa da ƴan fashin da kwamfuta ke sarrafawa, zai zauna minti 5. In da mutum ne, minti 15, kuma mai ƴan lalube na yaƙi, wato na'urorin da ake harbawa su nemo jirgi a sarari, yana iya gano shi ya fasa. Idan kuwa an riga an riƙe jirgin da na'urar hana zabura, ba ya zuwa ko'ina, yana nan ana dukansa, na'urar gyaran sulke kuma babu mai kula da ita. Abin da ya sami Incursus ke nan.

Akwai tarko na biyu da ya kusa cin wani. Idan ka dawo, jirgin yana komawa daidai wurin da ya bari, wato tsakiyar maƙiya, na'urorinsa a kashe. Wanda ya dawo ya kunna na'urorin kariya tun jirgin yana kan hanya, ya zaɓi tasha a allon kewaye, wato jerin abubuwan da ke kewaye da jirgi, da saukarsa ya danna zabura.

Dokokin da muka kafa daga yau. A kowane aiki, a fara kashe ƙananan jirage masu riƙewa. Alamar riƙo tana fitowa a saman da'irar jirginka da kuma gefen sunan maƙiyin. Idan rezo ya fara tangarɗa, wato ka danna abu ya ɗauki daƙiƙa uku kafin ya amsa, a juya hancin jirgi zuwa tasha. Jirgi ba ya zabura sai ya fuskanci inda za shi kuma gudunsa ya kai kashi 75 cikin 100, saboda haka wanda ya riga ya juya yana tashi nan take. In dole a fita daga wasa jirgi yana fili, a yi amfani da fita mai aminci, mai ƙirga daƙiƙa 30. Sannan babu wanda zai shiga Abyssal Deadspace a cikin horon nan: ɗaki uku ne cikin minti 20, in lokaci ya cika jirgi da ƙwanson da matuƙi ke zaune a ciki duk sun hallaka, babu zabura, babu mai ceto. Wuri ne na masu tsayayyiyar wuta.

Jinkirin layi kaɗan ba matsala ba ne, domin babbar na'urar sau ɗaya take lissafi a kowace daƙiƙa. Yankewa gaba ɗaya ce ke kisa.

Alhamis, 16 ga Janairu

An sayo ondilar ta hannu a wurin masu gyaran kwamfuta, jika 25, aka haɗa akwatin rezo da kwamfutocin tebur biyu. Ba don a ci gaba da wasa ba ce, don a sami mintunan shiga tasha ne. An gwada ta da cire fulogi, ta riƙe. Ƙurar hunturu ta toshe fankar kwamfutocin hannu, ɗaya tana mutuwa da kanta in ta yi zafi. An buɗe an hure, jika 1. An rage kyawun hoto zuwa ƙarshe. Ctrl da Shift da F9 suna kashe hoton sarari gaba ɗaya su bar allunan rubutu, abin da ke taimakon tsohuwar kwamfuta a wurin cunkoso.

Asabar, 18 ga Janairu

Darasin shirya jirgi, Alt da F. Gurabe iri uku ne: na sama na makamai, na tsakiya na gudu da garkuwa da riƙo, na ƙasa na sulke da ƙarin ƙarfin duka. Kowane kaya yana cin CPU da ƙarfin wuta, in ɗaya ya ƙare kayan ba zai kunnu ba. Akwai wurin gwaji a allon, a gwada shiri a can kafin a kashe ko ISK ɗaya.

Kurakuran da muka gani a jiragen yaran guda uku ne, kuma kusan kowane sabon shiga yana yin su. Haɗa bindiga mai dogon zango da mai gajere a jirgi guda, sai ya zama a kowane nisa rabin bindigoginka ne ke aiki. Haɗa garkuwa da sulke, sai a cinye gurabe babu wanda ya yi ƙarfi. Jiragen Gallente galibi na sulke ne. Na uku, ɗaura makamin da jirgin ba shi da ƙari a kansa. A karanta bayanin jirgi, shi zai faɗa maka abin da aka ƙera shi dominsa.

Dukan da makami ke yi iri huɗu ne: na lantarki, na zafi, na bugu da na fashewa. Ƴan fashin Serpentis na yankinmu da zafi da bugu suke duka, da su kuma ake karya su. Ƙananan jirage marasa matuƙi, waɗanda muke kira karnuka, Hobgoblin ne suka dace, domin dukansu na zafi ne. Harsashin Antimatter ya fi ciwo amma na kusa ne, Iron ya fi nisa amma ba nauyi. A kira karnuka su dawo kafin a zabura, in ba haka ba a can za a bar su.

Laraba, 22 ga Janairu

Haƙa da Venture. Rumbunsa yana ɗaukar mita kubik 5,000 na dutse, yana da bindigar haƙa biyu da wurin karnuka biyu. Veldspar, Scordite da Plagioclase muka samu. Sabon shiga ya sayar da dutsensa ɗanye, kada ya tace, domin tacewa a tashar kwamfuta daga kashi 50 take farawa, rabin dukiyar sai ta zube.

An rasa Venture ɗaya, kuma ba wuta ba ce. Wani ɗan wasa ya ajiye akwati a filin duwatsu, ya rubuta cewa kyauta ce ga sababbi. Akwatin rawaya ne, wato na wani. Maɓallin kariya da ke kusa da da'irar jirgi yana kan kore, ya hana ɗauka, yaron ya mayar da shi rawaya ya ɗauka. Nan take ya zama abin zargi na minti 15, kowa yana da izinin harbinsa, mai akwatin kuwa abin da yake jira ke nan. Maɓallin nan a bar shi kore. Farin akwati ko shuɗi ne kawai ake taɓawa.

A nan muka yi bayanin tsaro. Kowane gari yana da lamba. Daga 1.0 zuwa 0.5 ƙasar tsaro ce, daga 0.4 zuwa 0.1 bakin daji, daga 0.0 zuwa ƙasa dokar daji. CONCORD a ƙasar tsaro kawai suke, kuma aikinsu hukunta wanda ya yi harbi ne, ba kare wanda aka harba ba. A 0.5 sun fi jinkirin isowa. Wanda ya yarda ya rasa jirginsa yana iya fasa naka kafin su zo.

Ra'ayinmu game da haƙa: hanya ce mai kyau ta tara kuɗin farko, amma wanda ya zauna a kanta kaɗai wata guda yakan gaji ya bar wasan ba tare da ya koyi tuƙi ba. Kwana biyu a mako ya isa.

Asabar, 25 ga Janairu

Kasuwar Dodixie, Alt da R. Jerin sama na masu sayarwa ne, na ƙasa na masu saye. A duba ginshiƙin nisa kafin a biya: wani ya sayi kaya mai araha, ashe yana gari tara daga nan, biyu daga ciki a bakin daji. An bar kayan. Tallan ninka kuɗi a zauren gari, wato wurin hirar duk wanda ke garin, da kwangilolin garaɓasa duk damfara ne, kuma dokar wasan ba ta hana damfara da ISK ba, babu wanda zai mayar maka. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Laraba, 29 ga Janairu

An kafa ƙungiya. Kuɗin rajista ISK 1,599,800, sai darasin Corporation Management mataki na 1. Ƙungiyoyin kwamfuta suna cire harajin kashi 11, mu mun sa kashi 5, a zuba a asusun sayen jiragen maye. An kashe izinin harbin juna. Ba za mu kafa gini a sarari ba, domin ƙungiyar da ba ta da gini ba a ɗaura mata yaƙi.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Lalube, wato neman ɓoyayyun wurare a sarari a buɗe akwatunansu, wanda muke ganin shi ne sana'ar da ta fi dacewa da mai ƙaramin jari. Jirgi Imicus, da Core Probe Launcher, ƴan lalube 16, takwas a ciki takwas a ajiye, Relic Analyzer, Data Analyzer da injin gudu. Duk shirin bai kai ISK miliyan 3 ba a yadda muka saya, fita ɗaya mai sa'a tana biyansa ninki da yawa.

Yadda ake yi: Alt da P, a harba takwas ɗin a dunƙule, a ɗora su kan alamar, a duba daga sama a kuma duba daga gefe, domin kuskuren sababbi shi ne daidaitawa ta fuska ɗaya. A lalube, a rage faɗi mataki guda, a sake daidaitawa, har alamar ta kai 100. Wanda ya rage mataki biyu a lokaci guda yakan ɓatar da ita. A kira ƴan lalube su dawo kafin a bar gari.

Buɗe kwadon akwati wasa ne na kansa. Ana bin ɗigo zuwa ɗigo ana neman zuciyar kwadon. Lambar da ke walƙawa, daga 1 zuwa 5, tana nuna nisan abu mai amfani mafi kusa. A buɗe duk ɗigon da babu shinge kafin a yi faɗa da shinge, sai dai mai gyara ƴan uwansa, shi a kashe shi da wuri domin kowane motsi yana ƙara wa sauran ƙarfi. Faɗuwa biyu, akwatin ya fashe.

Sunan wuri yana faɗar haɗarinsa. Mai sunan ƴan fashi da ke farawa da Crumbling, Decayed, Ruined, Local, Regional ko Central babu masu gadi. A cikin rami, wato garin da ake shiga ta ɓoyayyiyar ƙofa, wanda ya fara da Forgotten ko Unsecured yana da masu gadin Sleeper, za su narkar da Imicus kafin ya juya. Covert Research Facility kuwa fashewa yake yi, a bar shi.

Talata, 4 ga Fabrairu

An shiga rami karo na farko, mutum huɗu, kowa da jirginsa. Rami ɓoyayyiyar ƙofa ce da ke buɗewa ta rufe, kuma garuruwan cikinsa ba su da ƙofar dindindin, ba CONCORD, zauren gari ba ya nuna wanda ke nan sai ya yi magana. Ido ɗaya da kake da shi shi ne na'urar hangen kewaye, maɓallin V, mai kai wa nisan AU 14.3 (AU ɗaya shi ne nisan duniyarmu da rana). A danna ta kowace ƴan daƙiƙu, ko ana tsakiyar buɗe kwado. In ka ga jirgin da ba naka ba ko ƴan lalube na yaƙi, ka tashi, akwatin ba ya kai jirgi daraja.

Sakamako: biyu sun dawo da kaya. Na uku bai kafa alama a bakin ramin ta ciki ba, sai da ya yi kusan awa guda yana laluben hanyar fita, ya fito a wani gari mai nisan ƙofa 20 da wani abu. Alama biyu ake kafawa, ta waje kafin shiga, ta ciki da zarar an sauka. Wanda ya maƙale babu ƴan lalube yana iya neman ƙungiyar Signal Cartel, masu ajiye kayan ceto a ramuka, ko ya fasa ƙwansonsa ya farka a tashar gida.

Na huɗu shi ne abin takaici. Ya ci akwati bakwai, aka ce ya fito, ya ce saura wuri ɗaya. A wurin nan wani ɓoyayyen jirgi ya bayyana a gefensa, ya riƙe shi, ya fasa jirgi da ƙwanso. Imicus ba komai ba ne, aikin awa uku ne ya tafi. Doka: in kayan ciki sun ninka kuɗin jirgi sau biyar, a koma a sauke. Sannan idan jirgi ya kusa fashewa, a daina kallon wuta, a zaɓi wata duniya a allon kewaye a yi ta danna S, domin ƙwanso yana tashi kusan nan take kuma a mafi yawan lokuta yana tsira.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Lalube a bakin daji, babu asara. Bayan tsallaka ƙofa jirgi yana ɓoye daƙiƙa 60 muddin ba ka motsa ba. A yi amfani da su a karanta allon kewaye da zauren gari.

Talata, 11 ga Fabrairu

Asara mafi girma zuwa yanzu, kuma laifin tsarinmu ne, ba na direban kaɗai ba. An tara kayan lalube na mutum biyar na mako guda a jirgin dako Iteron Mark V, za a kai Jita, babbar kasuwar wasan, domin farashi ya fi na Dodixie. Hanyar tana bi ta Uedama, gari mai 0.5 da ya yi suna wajen ƴan tare hanya. Lokacin sallar isha ya yi, direban ya kunna tuƙi mai sarrafa kansa ya tashi. Da ya dawo ƙwanso ya tarar.

Dalilai uku suka haɗu. Tuƙi mai sarrafa kansa yana sauke jirgi da nisa daga ƙofa, sai ya rarrafa sauran, a nan ake leƙa kayansa da na'ura a kuma harbe shi; mai tuƙi da hannu, maɓallin D, a bakin ƙofa yake sauka ya wuce. Na biyu, an cika guraben ƙasa da kayan faɗaɗa rumbu, waɗanda ke rage ƙarfin gangar jirgi, alhali kayan lalube ba su da girma, ko ƙaramin jirgi mai sauri zai ɗauke su. Na uku, ƴan tare hanya lissafi suke yi: kusan rabin kayan jirgin da aka fasa ne ke faɗowa, in rabin nan ya fi kuɗin jiragen da CONCORD za su fasa musu, za su harba.

Gyara: in lokacin salla ya yi, a shiga tasha mafi kusa, hanya ba ta guduwa. Ba a sake tara kayan kowa a jirgi ɗaya. Kaya mai nauyi a Nereus da sulke, mai daraja a ƙaramin jirgi, a kasu biyu ko uku. Abin da bambancin farashinsa bai taka kara ya karya ba a sayar a Dodixie. In kayan sun yi yawa, a ba da kwangilar dako da jingina daidai darajarsu, in sun ɓace jinginar ta zama taka.

Asusun ƙungiya ya biya jirgin. Kayan kuwa an raba asarar daidai, kowa ya yarda.

Asabar, 15 ga Fabrairu

An fara jerin ayyukan Sisters of EVE daga garin Arnon, wurin wakiliya Sister Alitura. Ayyuka ne kusan 50 da ke zagaya da mutum yankunan dauloli huɗun, ana iya maimaitawa bayan kwana 90. Catalyst ko Algos ya isa ga mafi yawansu. A ɗauki harsashi da karnukan maye tun daga Dodixie.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Huɗu sun kai ga Dagan, maƙiyin ƙarshe. Ba ya duka da zafi sosai, amma yana gyara kansa fiye da yadda sabon matuƙi guda zai iya ɓarnatawa. Ɗaya ya yi minti 20 yana harbi a banza har harsashi ya ƙare. An haɗa ayari na mutum uku, aka matsa kusa da Antimatter, ya faɗi cikin ɗan lokaci. An maimaita wa kowa.

Forfe na wata na biyu, jika 10.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Fita yaƙi da gangan a bakin daji: jiragen Atron da Tristan guda shida, kowanne da inshora, babu dashe a kan kowa, wato na'urar da ake dasa wa matuƙi a ka, an mayar da tashar gida kusa. An gaya musu tun farko cewa jiragen ba za su dawo ba. An fasa guda ɗaya na wani, an rasa biyar. Abin da aka koya: a na'urorin hana zabura, Warp Scrambler na kusa ne kuma yana kashe injin gudu mai ƙarfi, Warp Disruptor yana kai wa nesa amma ba ya kashe shi, wanda ya harbi mutum ba ya shiga tasha ko ƙofa sai bayan daƙiƙa 60, mutum ɗaya ke kiran wanda za a harba, sauran su yi shiru. Hannun biyu daga cikinsu ya yi ta rawa har suka manta kunna makami, wannan kuwa maimaitawa ce kawai maganinsa. Za a riƙa yi kowane mako biyu.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Maganar Omega ta taso. Kuɗinsa na wata yuro 19.99 ne, a kan sefa 655.957 kowane yuro ya haura jika 13, ko kuma PLEX 500, wato haja ta cikin wasa da ake biyan Omega da ita, da ake saye da ISK a kasuwa. Mun ba da shawarar kada kowa ya sa kansa neman PLEX yanzu. Sabon matuƙi zai mayar da wasan aikin lebura, ya ƙare wata yana tara abin da zai biya wata mai zuwa. Babu ko ɗayansu da ya kusa maki miliyan 5.

Lissafin wata biyu: jika 52 a kuɗin hannu, jirage 9 da aka rasa, biyar daga ciki da gangan. Mutum biyar na nan, ɗaya ya dakata saboda karatu, an sa masa dogon darasi a layi.

Azumi na bakin ƙofa, zama zai koma bayan tarawihi, kwana uku a mako. Uku za su fara karatun tuƙa jirgin Vexor, da sharaɗin babu mai fitar da shi sai darasin Drones ya kai mataki na 5 kuma yana da kuɗin na biyu a ajiye. Biyu za su ci gaba da lalube, za su kuma halarci darussan kyauta na EVE University, ƙungiyar ƴan wasa mai koyar da sababbi. Kafin zafin Afrilu muna buƙatar fanka mai batiri da sabon batirin ondilar, an ƙiyasta jika 20, za a tara a fada ranar Juma'a.